Tankaɗen Ƙasa a Garejin Bukkuyum

Da sunan Allah nake farawa. Tun da na dawo daga Gummi mata ke shigowa ɗaya bayan ɗaya suna tambayata yadda tafiyar rabin yini ta zama ta kwana biyu, har bakina ya gaji da maimaici. Shi ya sa na zaunar da Saratu, matar jikana Lawali, na ce ta ɗauko biro ta rubuta sau ɗaya, wadda ta zo a karanta mata. Na kuma gargaɗe ta, inda labari ya zo kan mijinta kada ta rage mishi ko kaɗan.

Alhamis: daga Dareta zuwa Anka

Mun bar Dareta ran Alhamis bayan sallar asuba, gari bai gama wayewa ba, ƙasa na ƙamshin ruwan da aka kwana yi. Lawali ya duba wayarshi ya ce ƙarfe shida saura kwata.

Ga abin da ya fitar da ni. Autata Rabi ta haihu a Gummi ran Asabar, namiji, suna kuma Asabar mai zagayowa da sassafe. Kun san Rabi, kun kuma san Sani, ɗanta na fari, wanda ya tafi a shekarar da gubar dalma ta kashe yara, yana da shekara biyu. A tsakar gidana muke dakan dutsen zinari a lokacin, ni ke tankaɗewa, shi yana wasa gindin turmi. Ran da aka rufe shi na rantse da Allah hannuna ba zai ƙara tankaɗe ƙasa ba har in mutu. Mijin Rabi ya kwashe ta ya koma Gummi, shekara shida ko ɓari ba ta yi ba. To da aka ce mini tana da ciki, sai na sayi ɗan rago na ɗaure a ɗakina, dusa da harawa da hannuna, na aika wa mijinta cewa kada ya sayi ragon suna, na kaka ne za a yanka. Ya ji maganata, bai saya ba. Ku riƙe wannan: in ban isa Gummi ba kafin safiyar Asabar, mutane za su taru ƙofar gidan surukina babu abin yankawa.

Motar Lawali ce ta ɗauke mu, farar nan mai buɗaɗɗen baya da ya sayo 'yar Kwatano. In kuna son ganin ɓacin ranshi ku kira ta a-kori-kura. A baya aka loda itacen wankan jego, buhun gero, kanwa, yajin da na daka, tukunyar wanka, faifayina, da ƙwaryar man shanu da ƙawata Bafillata ta ba ni in kai. Rago yana tsaye tsakiyar kaya kamar shi ya biya kuɗin mota. Ni ina gaba.

“Tsohuwa, ki ɗaura igiyar kujera,” in ji Lawali.

Na ce, “Maigida, rago aka ɗaure. Ni da ƙafata na shigo.”

Ba mu yi nisa ba, muna fita daga kwazazzabon farko, mota ta yi shaƙuwa. Ta ƙara. Sannan ta kama rawar jiki irin ta mai masassara, madubi na kaɗawa, haƙorana biyun da suka rage suna haɗuwa. Wata 'yar fitila mai ruwan ɗorawa ta kunnu gaban Lawali, ya ɗauki hularshi ya rufe ta. Na tambaye shi ko haka ake maganinta, ya ce sanyin safiya ne, in ta ɗumama za ta daina.

Mun shiga Anka ƙarfe bakwai da kwata, tafiyar da kullum ba ta kai haka ba. Bakin gari akwai shingen jami'ai. Ɗaya ya leƙo ya gaishe ni, ya tambaya ko ragon na sayarwa ne. Na ce na suna ne, ya yi addu'a Allah ya raya, na ba shi goro ɗaya, ya ɗaga mana itace.

A tasha na sha kunu da ƙosai na hamsin. Lawali ya sha shayi da burodi, yana gaya wa direbobi cewa 'yan bumburutu ne suka sayar mishi da man fetur mai ruwa. Kowa ya kawo nashi labarin, kowa ya tsine wa masu gurɓata mai. Aka kawo mishi wani magani a 'yar kwalba na ɗari biyar ya juye a tanki. Ni dai ina zaune ina tauna ƙosaina, amma na san abin da na gani jiya da la'asar a bakin rafi. Kafin mu tashi na sayi sabuwar rariya ta waya, ɗari biyu, don kunun kanwar mai jego. Na naɗe ta cikin zane na ɗora kan cinyata.

Daga Anka zuwa Bukkuyum

Mun bar Anka takwas da rabi. Lawali ya ce daga nan zuwa Bukkuyum kilomita hamsin ne da 'yan kai, kuma ba ma za mu shiga garin ba, wucewa za mu yi, mu yi azahar a Gummi.

To, aka kama hanya. Kwalta ce, gero da dawa sun yi kore dama da hagu, shanu na ƙetarewa. Amma motar nan tafiya take kamar jakin da ya taka ƙaya: taku uku lafiya, na huɗu ta dafa. In an zo hawa sai ta yi ta nishi, warin fetur ɗanye na shigowa ta taga. Babura na wuce mu. Motocin haya na wuce mu. Wani mai keke ɗauke da dami ya jera da mu a wani tudu, har muka gaisa, na tambaye shi mutan gida.

Sau uku muna tsayawa. Kowane tsayi Lawali zai buɗe bakin mota, ya tsaya ya riƙe ƙugu yana kallon inji, injin ma yana kallonshi, sannan ya rufe. Na uku ne na ji wani ɗan ƙara daga ciki, tas, tas, tas, kamar ana fasa ƙwarƙwata. Na gaya mishi, ya ce kunnen tsufa ne.

Da rana ta take tsaka, shi da kanshi ya karya kan mota ya bi hanyar Bukkuyum, bai dube ni ba. Ya ce akwai wani makanike can, Malam Sahabi, wanda ya yi aiki a Gusau ya san irin waɗannan motoci. Mun shiga gari ana kiran azahar.

Garejin Malam Sahabi

Garejin rumfar kwano ce babba kusa da tasha, ƙarƙashinta yashi ne da ya sha baƙin mai shekara da shekaru. Gefe akwai mai faci da injin iskarshi. Malam Sahabi dattijo ne siriri, mai furfura a gemu, ba ya gaggawar magana. Ya gaishe ni da Inna, ya sa aka shimfiɗa mini tabarma, aka sauke rago aka ɗaure jikin ginshiƙi. Bayan sun dawo masallaci ya ce a tada mota.

Na matso da tabarmata, don ban taɓa ganin cikin mota da idona ba. Ya cire wani murfin roba baƙi. Ƙarƙashi ga abubuwa huɗu a jere kamar 'yan tukwane a kife, kowanne da wayarshi. Ya ce sunansu kwayil, su ke ba da wuta, kowanne yana kan fulogi guda. Mota na kaɗawa ya zare wayar na farko, inji ya ƙara rikicewa kamar zai mutu, ya mayar. Ya zare ta biyu, haka. Ya zare ta uku, ko a jikin injin, rawarshi ba ta canja ba. Ya ce, “Ga malalacin nan. Ana aiki shi yana zaune.”

Aka kashe mota. Ya sa sifana ya kwance ƙusa ɗaya tak, ya murɗa, ya jawo. Ashe abin yana da doguwar ƙafa ta roba, tsawon ɗan yatsa da rabi, kamar safa. Safar nan tana ɗigar ruwa. Ya leƙa ramin da ta fito, ya zura tsinke da tsumma, tsumma ya fito jiƙe sharkaf har da kumfa. Ya sunsuna. Ya dubi Lawali.

“Wa ya wanke injin ga?”

Lawali ya ce ai damina ce, kwazazzabai muka biyo, ruwa ya yi tsalle. Malam Sahabi ya ce bai taɓa jin ruwan kwazazzabo mai ƙamshin sabulu ba. Lawali ya kama duban rufin rumfa.

Ni kuwa an tambayi gaskiya a gabana, ba zan zauna kamar ba ni nan ba. Na ce, “Malam, jiya da la'asar na je rafi ɗauraye tukunya. Na tarar da maigidana ya buɗe bakin mota, da garin sabulu da soso, yana kwara mata bokiti bakwai. Na ƙirga. Ya ce gidan suna za ta, ba za ta je da dauɗa ba. Mai jego na Gummi, shi ya fara wankan tun daga Dareta.”

Mai faci ya yi dariya har ya zauna kan taya. Malam Sahabi bai yi ba, sai gemunshi da ya ɗan motsa. Ya ciro sauran ukun, ya jera su kan benci, ya kira Lawali ya nuna mishi. Robobin sun tsufa sun bushe, ya lanƙwasa ɗaya, tsaga ta buɗe baki. Jikin ta ukun akwai wani zane fari-fari kamar sawun tsutsa a toka. Ya ce nan wuta ke tserewa, maimakon ta sauka kan fulogi sai ta bi ruwa ta fita ta tsagar, ita ce tas-tas ɗin da ake ji. Na dubi Lawali, na taɓa kunnena.

Sannan ya zare roba daga jikin kwayil, wani ɗan ƙarfe nannaɗaɗɗe ya faɗo, irin na cikin biron Saratu, sai dai ya fi shi tsawo da kauri kaɗan. Sifirin ake ce mishi. Shi ke kai wuta daga sama zuwa ƙasa. Tsatsa ta cinye shi ya yi kore, yana matsa shi ya karye biyu. Sauran ma ba su da kyan gani. Ya ce kwayil ɗin kansu lafiya lau suke, kada wani ya ruɗe shi ya sayi sababbi. Roba huɗu da sifirin huɗu kawai za a sake. Amma babu su a Bukkuyum. Ya buga waya Gusau, aka ce akwai, za a ba direban motar safe ya taho da su.

Na tambaya ko ba za a lallaɓa a haka ba. Ya ce a yanzu ɗaya ya mutu, biyu na hanya. In ta tsaya mana a daji da rago da tsohuwa, hanyar ga ba ta yamma ba ce, kowa ya sani. Na ce to Allah ya kai mu goben.

Kwana gidan Kulu

Ƙanwata Kulu na aure a Bukkuyum tun muna da ƙuruciya, mijinta ya rasu, tana sana'ar ƙuli. Can aka kai ni a babur, rago ya biyo a ƙasa da Lawali. Kulu na ganina ta ce ta san ba zumunci ya kawo ni ba, shekara huɗu ina wucewa ta bakin hanya ban leƙo ba, sai da ƙarfe ya kama ni ya kawo. Na ce ta gode wa sabulu.

Ta ba mu hoce da ƙuli da man gyaɗa, da yamma tuwon dawa miyar kuka. Rago ya ci kowar wake ya sha ruwan tsari. Na sa aka kira Rabi a waya, na ce mata gobe muna tafe. Ta ce, “Inna, babanshi ya ce ko ya nemi wani ragon?” Na ce kada ya nema. Na faɗa da ƙarfi, amma da na aje wayar tuwon bai ƙara shiga ba.

Juma'a

Tun ƙarfe takwas muna gareji. Malam Sahabi bai zauna jiran kaya ba. Ya jawo bututun iskar mai faci ya hure ramukan nan huɗu, ruwa da kumfa suna tashi, ya bi da tsumma har tsumma ya fito a bushe. Sannan ya kwance fulogai ya duba, ya ce suna da sauran rai, ya mayar. Ya ce ba a kwance fulogi da ruwa a kanshi, sai ruwan ya gangara cikin inji. Lawali ya tsaya kusa yana gyaɗa kai kamar dama ya sani. Don ya nuna amfani, ya share benci, ya tattara tsofaffin robobi da sifirin ya zuba wa mai sayen gwangwan da ya ratso da buhunshi. Wannan ma ku riƙe shi.

Motar safe ba ta zo da safe ba. An ce ba ta cika da wuri ba, an ce ta tsaya Juma'a a Anka. Maza suka je masallaci suka dawo. Sai ƙarfe uku da minti goma ta shigo tasha, direba ya miƙo ɗan kwali da bai kai tafin hannu biyu ba. Dubu huɗu, da ɗari biyu na direba. Malam Sahabi ya ce in mun tashi kafin biyar za mu yi magariba a Gummi. In ta wuce biyar, shi ba zai ba mu mota ba sai gobe.

Ya zazzage kayan kan benci, ya fara. Ya goge bakin kwayil, ya zura sifirin, ya sa sabuwar roba ya murɗa har ta zauna, ya shafa ɗan farin mai a bakinta kamar ana shafa wa jariri a cibiya, kaɗan kurum. Ya zura a rami ya danna da tafin hannu, ya ɗaure ƙusa ba da ƙarfi ba, ya mayar da waya ta ce ƙyas. Ɗaya. Biyu. Uku. Raina ya fara kwanciya.

Sai Lawali ya ɗauki sifirin na huɗu ya zo gabana, ya riƙe shi tsakanin yatsu biyu yana matsawa yana saki.

“Tsohuwa, kin ga wanda ya kwanar da ke Bukkuyum. Ko rabin goronki bai kai ba.”

Bai rufe baki ba, yatsun suka haɗu babu komai tsakaninsu.

Malam Sahabi ya miƙo hannu baya yana cewa a ba shi na ƙarshe, ya ji ba a ba shi ba, ya waiwayo. Ya dubi Lawali, ya dubi yashin garejinshi, ya ce a kawo tsohon sifirin ɗaya a lallaɓa da shi. Aka tuna da mai gwangwan, wanda ya bar gari tun hantsi.

Maza biyar suka durƙusa suna lalube, suna ƙara tura yashi kan yashi. Aka kawo maganaɗisun tsohuwar rediyo aka ja a ƙasa. Ya kamo ƙusoshi, ya kamo waya, ya kamo mabuɗin da mai faci ya ce ya ɓata tun bara, bai kamo sifirin ba. Malam Sahabi ya ce sifirin farin ƙarfe ne, maganaɗisu ba ya riƙe shi. Rago kuwa yana gefe yana tauna wani abu a natse. Mai faci ya dube shi ya ce shi dai yana zargin wanga, tunda gobe za a yanka shi, mi zai hana a yanka yau a duba tumbi. Na ce in an fara da tumbin wanda ya kawo shawara, na yarda.

Aka kira la'asar. Aka yi salla aka dawo. Huɗu da kwata. Lawali ya zo ya tsuguna gabana, babu wasa a fuskarshi, ya ce zai nemi babur ya kai ni da rago. Malam Sahabi ya ce ba mai babur ɗin da zai je Gummi yanzu ya dawo cikin duhu, motocin haya kuma sun ƙare. Na dubi ƙunshin da ke kan cinyata. Kwana biyu ina riƙe da rariyar nan.

Ku da kuka zauna Dareta kun san abin da ya tsayar da ni. Na ga tsakar gidana, na ga ƙurar nan mai laushi tana sauka kan tabarma, kan kwanon tuwo, kan gashin yaro. Na tuna rantsuwata, kalma kalma. Sannan na tuna muryar Rabi tana tambaya ko a nemi wani ragon. Na ce a raina, Allah ya san don wa na rantse, ya kuma san don wa zan karya. Na kwance zane.

Na ce duk su tashi, kowa ya kakkaɓe wandonshi da takalminshi inda yake tsaye, ya fita daga rumfa. Suka fita. Na ce gaba kuke nema, abin kuwa baya ya faɗa, don na ji lokacin da ya bugi kwanon rufi, can wajen ginshiƙi na biyu. Wannan karon ba wanda ya ce kunnen tsufa ne. Na sa aka janye rago da kayan abinci nesa, bayan iska. Na ɗaure hancina da gyale. Na shata ƙasa da sanda, na raba ta gida-gida kamar fangalin albasa. Lawali na ɗebo mini da kwano, sama-sama, kaurin ɗan yatsa, ni ina tankaɗewa.

Hannu bai manta ba. Na so a ce ya manta, bai manta ba. Yashi na zuba, tsakuwa na saura, in juye a faifai in bakace, mai nauyi ya tsaya, mai gangara ya gangaro. Dutse da kukanshi kan waya, ƙarfe da nashi. Kwano na ɗaya, na biyu, na biyar. Mutanen tasha sun taru suna kallon tsohuwa na tankaɗen gareji, wani na tambaya ko zinari aka gano. A kwano na goma sha ɗaya na ji wani abu mara nauyi yana rawa kan rariya, ba ya kwanciya kamar tsakuwa. Na tsaya. Na sa yatsa biyu na ɗauko shi, ya yi baƙi da mai.

Lawali ya miƙo hannu. Na ce, “Kai dai a'a.” Na ba Malam Sahabi.

Ya wanke shi da fetur, ya hure, ya duba shi a rana, ya sa. Ƙyas. Aka tada mota, ta ɗauka lokaci guda, tana wani gurnani mai laushi kamar kyanwa ta ƙoshi. Ya ɗora kofin ruwa kan inji, ruwa bai zube ba. Ya ce wa Lawali in ya ƙara ganin dauɗa a inji ya sa tsumma, in kuma wanka yake sha'awa ya yi wa kanshi. Rariyar kuwa na ce ba za ta ƙara ganin abinci ba. Ya rataye ta a ƙusa kusa da sifanoninshi, ya ce ta zama kayan aiki.

Mun bar Bukkuyum biyar saura minti goma.

Gummi

Motar da jiya mai keke ya jera da ita, yau sai da na ce a rage. Shinge biyu muka wuce, ba a tsayar da mu ba sai gaisuwa. Muna shiga Gummi ana kiran magariba. Surukina na tsaye ƙofar gida, da ya hango ƙahon rago sama da itace sai ya sauke numfashi, ya zo ya kama mini ƙofa.

Na shiga. Rabi na zaune bakin gado, ta yi fari ta yi kyau, mata cike da ɗaki. Ta taso da yaro a hannu tana miƙo mini. Shekara shida nake jiran wannan miƙowa. Na mayar da hannuwana baya.

Wata ta ce ko kaka fushi take ba a je tarbarta ba. Rabi ba ta ce haka ba. Ta dubi zanena, ta dubi farcena, ta dubi gyalen da ke wuyana.

“Inna, ƙasa kika taɓa?”

Na ce, “Ita ce. A ba ni ruwa da sabulu, da wani zane. Wanga a jiƙa shi waje, kada ya kwana ɗakin ga.”

Ba ta ƙara tambaya ba. Na yi wanka, na wanke kai, na bi ƙarƙashin farce da tsinke ɗaya bayan ɗaya, na yi salla. Sannan na dawo na zauna na shimfiɗa ƙafa, na ce to, kawo min maigidan. Yana da nauyi, yana da gashi, ya kama ɗan yatsana ya riƙe. Ni da Rabi ba mu dubi juna ba, kowa ta san abin da ke idon 'yar'uwarta.

Da safe aka yanka ragona, aka raɗa wa yaro Abubakar. Da aka fede, Lawali ya je ya tsaya kan masu gyaran kayan ciki, ya dawo ya ce mini ya duba, ragon ba shi da laifi. Kunun kanwa kuwa da rariyar maƙwabta aka yi shi har na sayi wata a kasuwar Gummi.

Komawa gida

Na zauna har aka yi arba'in. Lawali ya zo ya ɗauke ni, mun bar Gummi ƙarfe bakwai na safe, mun ratsa Bukkuyum na kai wa Kulu tukuicin hocenta, na kai wa Malam Sahabi ƙullin yaji. Rariya na nan a ƙusarta. Ya ce sau biyu ta yi mishi amfani. Kafin azahar ina tsakar gidana a Dareta, mota ba ta yi tari ko sau ɗaya ba.

Washegari na aika aka tambayar mini liman hukuncin rantsuwar da na karya. Ya ce in ciyar da mabuƙata goma. Na yi tuwo da miyar nama, na sa aka kira su. Ina cikin rabawa sai ga Lawali da kwanonshi, wai a lissafa da shi, shi ma ya sha wahala. Na ce ya jira a gama. In an rage, akwai tukunya, ga sabulu, ga soso, na san ya iya.

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni. Na gode wa Kulu, da Malam Sahabi, da mai facin da bai samu tumbin ragona ba. Allah ya raya Abubakar, ya ji ƙan Sani. Saratu, aje biron haka nan.